Tagar da Ba Ta Ga Fura Ba

Maruƙa goma sha ɗaya suka mutu a rugar Arɗo Dikko da ke Gwashi cikin kwana uku, a farkon daminar 1989. Harbin daji ne, ba mai musu: cinya ta kumbura, in ka danna sai ka ji iska na ƙara ƙarƙashin fata. Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne, wata guda kenan da aka yi musu rigakafin wannan cutar. Mai allurar kuma ba baƙo ba ne. Hammadu ne, ɗan ƙanen Arɗo, ma'aikaci a wani shirin lafiyar dabbobi da Turawa suka kafa a Anka.

Kwalba ɗaya ta yi saura a jakar Hammadu. Arɗo ya ɓalle bakinta gaban jama'a, ya ɗiga a harshe, ya tofar.

"Ruwan gishiri ne," ya ce. "Ni na bi ruga-ruga ina cewa a yarda da allura don ɗanmu ne mai yi. Kada ka ƙara taka wurin nan."

Cikin waɗanda suka mutu har da karsanar Innar Hammadu. Wannan bai hana kowa cewa ya sayar da maganin a hanya ba.

Ranar Alhamis aka ɗora takardun ƙarar Hammadu a teburin Sajan Namadi na ofishin 'yan sandan Anka, aka ce masa Litinin za a kai yaron kotu Gusau. Namadi mutum ne mai jinkirin magana, irin wanda zai bar ka ka gaji da shirunsa har ka faɗi abin da ba a tambaye ka ba.

"Wa ya ba ka maganin?" ya tambayi Hammadu.

"Ni na ɗauka da hannuna, yallaɓai, cikin firjin ofis, ranar Litinin. Na sa a akwatin ƙanƙara, na ɗaure bisa babur. Ban tsaya ko'ina ba sai Gwashi."

"Ba ka duba ba?"

"Kwalaben a rufe suke, takardarsu daidai. Wallahi da na sani, karsanar Inna zan fara yi ma?"

Namadi ya dube shi. Ya ga dai yaron bai taɓa tuwon da aka kawo masa ba.

Mutum huɗu ke aiki a ofishin shirin: Hammadu, sai Malam Isa mai kula da sito, sai Dija mai aiki da kwamfuta, sai Baba Tsoho maigadi. Baturen da ya kafa wurin ya koma ƙasarsu hutu, ya bar musu kwamfutar da ke shan wuta daga faranti na hasken rana, ba a kashe ta dare da rana. Namadi bai taɓa ganin irinta ba. A fuskar gilashinta akwai wasu akwatuna masu kusurwa huɗu, wani na ɗan hawa kan wani, su ake kira tagogi. Ɗaya na nuna taswirar rugage, ɗaya sunayen makiyaya, ɗaya agogo.

Malam Isa ya tarbe shi da fara'a, ya nuna taga ta huɗu da bakin biro.

"Ga shaida, Sajan. Akwai waya daga ƙofar firji zuwa nan. Duk aka buɗe sai ta rubuta, kuma Bature ya kulle rubutun, ba ya gogewa. Duba: Laraba, likita daga Sakkwato ya gwada magani ya sa ciki. Litinin, Hammadu ya kwashe. Tsakani ba wanda ya taɓa. Tun daga nan ma firjin fayau yake."

"Kai ka iya na'urar?"

"Ina! Ni da biro muka saba. Sai Dija."

Layi biyu ne kacal a tagar. In gaskiya suka faɗa, to a hanya aka musanya magani, kuma Hammadu ya gama yawo. Namadi ya dubi Dija. Ta sunkuyar da kai, tana murza gefen mayafinta. Ya rubuta sunanta a littafinsa, ya ja layi ƙarƙashi.

Bayan azahar ya fito, rana ta take, gumi ya jiƙa masa kaki. Baba Tsoho na zaune gindin dalbejiya a bakin ƙofa da ƙwarya gabansa.

"Bismillah, ɗana, jiƙa maƙoshi."

Namadi ya karɓi ludayi ya kurɓa. Sanyin furar ya doki haƙoransa har sai da ya runtse ido. Ya ƙara kurɓa, ya ajiye ludayin a hankali.

"Baba, wanga sanyi ba na randa ba ne."

Tsoho ya janye ƙwaryar gefe.

"Nan kusa ba mai sayar da ƙanƙara. Ina ka aje ta?"

"Ɗana, ka rufa mini asiri. Iyalina tara, aikin ga shi ne cinmu."

"Ba aikinka nake nema ba, Baba. Wani yaro na can zai tafi gidan yari. Ina ka aje ta?"

"Cikin firji," Tsoho ya ce da ƙyar. "In na shiga shara da hantsi in sa, bayan azahar in ɗauka. Ran Juma'a kahin in tahi masallaci."

"Kullum?"

"Shekara biyu ke nan, in ba azumi ba. Amma wallahi ban taɓa kwalba ko ɗaya ba. Ni ko baƙi ban sani ba na boko."

Nan Namadi ya ga bakin zaren. Yau ɗin nan an buɗe firji sau biyu, ga ƙwarya a gabansa tana raɓa, amma taga ta ce rabon da a taɓa ƙofar wata guda. Tagar nan ƙarya take yi.

Ya jira sai da Malam Isa ya hau kekensa ya tafi la'asar, sannan ya koma ciki ya ja ƙofa.

"Malama Dija, kin san da furar Baba?"

Hawaye ya cika mata ido. "Na sani."

"To ina layukanta?"

"Da can suna fitowa, biyu kullum. Malam Isa ya taɓa tambayata, na ji tsoron a kori Baba, na ce wayar ce ke motsi in ƙarfe ya yi zafi. Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini. Wata Asabar na zo na tarar babu su, Malam Isa ya ce ya gyara wayar, ya share layukan banza. Na yi hamdala, na ja bakina."

"Wace Asabar?"

Ta yi lissafi da yatsu. Sai ta dafe ƙirji. "Wadda ta zo tsakanin Larabar nan da Litinin."

"Ya ce mini rubutun ba ya gogewa."

"Ba ya gogewa, yallaɓai. Shi ne ya dame ni, amma in na ɗaga maganar, ta Baba za ta fito."

Namadi ya zauna ya ƙura wa gilashin ido. Shi bai san na'ura ba, amma ya sha kama shanun sata a kasuwar Gummi.

"Saniya in aka yi gardama kanta, kunne ake dubawa a ga shaidar mai ita. Tagogin ga, suna da mai su?"

"Kowace akwai manhajar da ta buɗe ta, wato tsarin aikin da ke zana abin da ke cikinta. Taswira da tata, firji da tasa. Sunan da ke saman taga ba abin dogaro ba ne, kowa na iya rubuta abin da ya so. Amma ana iya tambayar na'urar kanta. An koya mana a kwas ɗin Kaduna."

"Ku wa?"

"Ni da Malam Isa."

Namadi ya rufe littafinsa. "Kada ki taɓa komai. In aka kashe ta fa?"

"Tagogin duk su mutu. Ba mai ƙara sanin wa ya buɗe wace."

Ya aika aka kira kurtu ɗaya, ya ce ya kwana bakin ƙofar, ko kaza kada ta shiga.

Da safiyar Juma'a ya tara su a ɗakin. Ya sa aka kawo Hammadu da ankwa, kuma ya aika mota Gwashi aka ɗauko Arɗo Dikko, wanda ya shigo ya tsaya can gefe, ko kallon ɗan ƙanensa bai yi ba. Malam Isa ya ga taron, fara'arsa ta ɗan ragu.

"Tambayi tagogin ɗaya-ɗaya," Namadi ya ce wa Dija. "Ki faɗa da Hausa kowa ya ji."

Ta buga wasu baƙaƙe, kibiyar da ke yawo a gilashi ta koma alamar giciye. Ta ɗora ta kan taswira ta danna, rubutu ya fito a ƙasa.

"Manhajar taswira. Ni na buɗe, watan Fabrairu."

Ta danna ta biyu, ta danna ta uku. Duk daidai. Ta kai giciyen kan ta huɗu.

"Wannan ba ta firji ba ce," ta ce. "Ta manhajar rubuta wasiƙa ce. An buɗe ta Juma'a, sha tara ga Mayu, ƙarfe biyu da minti goma. Da kalmar sirrin Malam Isa."

Malam Isa ya yi wuf ya nufi bango inda wayar wuta take. Namadi ya riga shi, ya damƙe masa wuyan hannu ya murɗa baya.

"Haba Malam, ai kai da biro kuka saba. Ja tagar gefe, Malama."

Dija ta kama saman tagar da linzami, ɗan abin da ke juya kibiyar, ta ja. Ashe rufi ce kawai, an yanka ta daidai girman wata tagar. A ƙarƙashi ga tagar firji ta gaskiya, cike da layuka, biyu kowace rana har jiya: hantsi da bayan azahar. Baba Tsoho ya rufe fuska da hula. Dija ta koma baya zuwa waccan Juma'ar. Layi uku ne. Na ukun ƙarfe ɗaya da minti arba'in, kuma ƙofar ta yi minti ashirin da biyar a buɗe. Ta sa injin buga rubutu ya fitar da duka a takarda.

"Ga yadda aka yi," Namadi ya ce. "Lokacin nan kowa na masallaci. Baba ya kulle ya tafi, liman da kansa ya shaida a sahun farko yake zama. Dija na tashi ƙarfe sha biyu ran Juma'a. Hammadu na Bukkuyum, mutum talatin sun gan shi. Kai mai sito kana da mabuɗi, kuma kai ke ajiye tsofaffin kwalabe da ya kamata a binne. Ka cika su da ruwan gishiri, ka mayar da murfi, ka musanya. Rubutun ya ƙi gogewa, sai ka rubuta naka ka lulluɓe shi, ran Litinin ka ƙara layin Hammadu. Da ka bar layuka biyun nan na kullum, da ba wanda ya gane. Amma an ce maka waya ce ke motsi, ka yarda. Ba ka taɓa zama ka sha fura da maigadinka ba, shi ya sa ba ka sani ba."

Malam Isa ya sunkuyar da kai. Kafin a kira sallah ya ambaci sunan mai shagon magani a Gummi da ya sayar wa maganin na gaskiya, kuma da yamma aka tarar da ragowar kwalaben can bayan kanta.

Namadi da kansa ya cire wa Hammadu ankwa. Game da fura, ya rubuta a rahotonsa cewa maigadi ya taimaka wa hukuma, bai ƙara kalma ba. Arɗo Dikko kuwa ya daɗe tsaye gaban gilashin da bai iya karantawa ba, sannan ya saɓa sandarsa ya fita bai waiwayi ɗan ƙanensa ba. Abin ya yi wa Namadi ciwo ƙwarai, don yaron ba kotu yake tsoro ba tun farko, korar da Arɗo ya yi masa ce ke cinsa.

Bayan mako biyu sabon magani ya iso. Hammadu ya roƙi Namadi ya raka shi Gwashi, wai ba zai iya zuwa shi kaɗai ba. Suka tsayar da babur nesa da ruga. Mata suka daina daka, maza suka miƙe, ba wanda ya yi musu sannu. Hammadu ya tsaya da akwatin ƙanƙara a hannu, bai ƙetare shingen ƙaya ba.

Can sai ga Arɗo ya fito daga garke, yana janye da wata jar karsana, mafi kyau cikin nasa. Ya kawo ta har bakin shinge, ya riƙe mata ƙaho da hannunsa, abin da rabonsa da yi tun yana saurayi.

"Shigo, Hammadu," ya ce. "Fara da wagga. In ka gama ka kai ma Innarka, tata ce."

Hammadu ya goge ido da hannun riga, ya ce, "To, Baffa." Ya durƙusa ya buɗe akwatin.