Kunnen Bobboyi na Aljihu

Raliya tana tankaɗe a tsakar gidansu na haya a Jimeta sai mahaifinta, Malam Jalo, ya yi sallama. Mijinta Bobboyi na zaune a tabarma, ya ba ƙofa baya, ko motsi bai yi ba. Tsohon ya sake sallama, shiru. Sai da ta taɓa kafaɗarsa sannan ya zabura ya durƙusa, ya yi gaisuwa da ƙarfi kamar mai faɗa.

Haka yake tun da aka gama yaƙin basasa aka sallamo shi daga soja. Bam ne ya fashe kusa da shi, ya tafi da jinsa. Amma mutanen gari cewa suke kansa ne ya taɓu.

Malam Jalo ya ce, "Ɗauko mayafinki, Raliya. An ce jiya mota ta kusa take shi a bakin kasuwa, direba na ta danna oda, ko a jikinsa. Rannan kuma ya buga tulu da bango. Jira zan yi sai ya fasa miki kai?"

"Baba, wallahi hankalinsa ƙalau. Ji ne ba ya yi, haushin kansa ne ya sa..."

"Ba shawara na zo yi ba."

Bobboyi ya dubi bakin wannan, ya dubi bakin wancan, ya ga hawayenta, ya gane. Ya ce, "Bi Baba, Raliya. Ni me ya rage mini da za ki zauna dominsa?"

Maganar nan ta fi komai yi mata ciwo.

A gidan mahaifinta da ke unguwar Makama, cikin Yola, Raliya ta rame ta yi baƙi. Abinci sai an matsa mata. Mahaifinta kuwa ya fara zancen zuwa wurin alƙali a raba auren.

Ana nan wata nas mai suna Rhoda, daga ofishin jin daɗin jama'a, ta zo neman ta. Aikinta shi ne bin gidajen sojojin da suka dawo da lalura. Ta ce, "Mijinki ya kulle kansa a ɗaki, ya ƙi zuwa a gwada kunnensa. Akwai na'ura mai batir da ke taimakon irinsu, amma sai an gwada. Ban ga wanda zai iya fito da shi ba sai ke."

Raliya ta roƙi mahaifinta, ya ƙi. Sai ƙanwarsa, Gogo Asta, wadda ke kiran sa Hamma, wato yaya, ta sa baki. "Hamma, igiyar aurensu na nan. Ni zan raka ta, ni zan dawo da ita. In aka gwada abin bai yi ba, ka je wurin alƙalin."

Da ƙyar ya yarda.

Da Bobboyi ya buɗe ƙofa ya gan ta, sai ya ɗauki hularsa ya bi su. Likita ya ce kunnen hagu ya mutu, na dama ne ke da ɗan saura. Aka aika sunansa Maiduguri, babban birnin jiha a lokacin, don a samo masa na'urar, aka ce su jira. Kafin nan ofishin ya sa shi a wurin koyon kafinta. Damina ta zo ta wuce, babu labari. Raliya na gidan ubanta, matan unguwa na ce mata ƙuruciyarta take ɓatawa a kan kurma. Ita kuwa sai dai ta shiga ɗaki ta yi kuka.

Ranar da na'urar ta iso, Gogo ta sake raka ta. Wani ɗan akwati ne, bai cika tafin hannu ba, ana sa shi a aljihun riga, waya ta hau zuwa kunne. Rhoda ta kunna, Raliya ta yi magana daga bakin ƙofa. Bobboyi ya girgiza kai. Ta karaya, don ta sa rai zai koma kamar da.

Rhoda ta ce, "Iyakar abin da zai iya ke nan. Matso kusa da akwatin."

Raliya ta ajiye kunya, ta sunkuya daidai ƙirjinsa. "Kana ji na?"

Idanunsa suka kawo ruwa. "Kamar daga cikin rijiya kike magana. Amma ke ce."

Ranar Juma'a ya je gaida surukinsa. Zaure cike da dattawa. Malam Jalo ya yi masa magana daga kan buzunsa, Bobboyi ya sunkuyar da kai, ya nuna aljihu. "A gafarce ni, Baba, sai an matso nan nake ji."

Tsohon ya jima yana kallon sa, sannan ya miƙe, ya tako, ya ranƙwafa har gemunsa na taɓa rigar surukinsa.

"Bobboyi, na kira ka mahaukaci, na raba ka da iyalinka. Ka yafe mini. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

"To, ka tafi da matarka."

Jinsa bai taɓa dawowa ba. In batir ya ƙare, sai gidan ya koma magana da hannu har a samo wani. Amma sun zauna tare, yana kafintarsa, babu wanda ya sake jifan sa da hauka. Lalura ba ta rage darajar mutum, kuma mai ita ba gudu yake so a yi masa ba, so yake a yi haƙuri a matso kusa.