Kekunan Ɗinki Goma Sha Biyu

Ranar Litinin da hantsi wata tsohuwa ta dogaro sanda ta shigo ofishin 'yan sanda na layin maɗinka a birnin Daegu, ta ce an yi mata sata.

"Me aka ɗauka, Iya?" in ji Sufeto Seok Do-hun.

"Kekunan ɗinki goma sha biyu. Har da teburansu."

Sunanta Pyo Mal-sun. Ita da marigayi mijinta suka kafa ɗan shagon ɗinkinsu shekara talatin da suka wuce. Da ciwon ƙugu ya kayar da ita, ɗanta Gu Tae-sik ya karɓi aiki, ita kuma sai ranar ɗaya ga wata take leƙawa. Yau likita ya ɗage mata rana, ta ce bari ta biya ta gaisa da ma'aikata. Ta tarar da ɗaki wayam.

"Jibi masu duba kwangila za su zo," ta ce. "Rigunan masu sharar titi muke ɗinkawa. Aiki ne da aka ware wa ƙanana irinmu, kuma doka ta ce a shagonka za ka yi shi. Maɓalli ko tambari kana iya ba wani, amma ba rigar ba. In suka zo babu keke, sun soke sunanmu, sunan mijina."

A shagon, Sufeto ya duba ƙofa. Ba a taɓa makulli ba. Ƙasa tas, ko zare ɗaya babu. A gefe ga kwalaye ashirin cike da riguna ɗinkakku, an goge an ninke. Shekararsa goma sha tara a aiki, bai taɓa jin ɓarawon da zai kinkimi ƙarfe mai nauyin jaki ya bar kwali, ya yi shara, ya kulle ƙofa ba.

Tae-sik ya iso yana haki, ɗan shekara arba'in da sanƙo, yana ta sunkuyawa.

"Yallaɓai, tsufa ne ya sa ta gaggawa. Da ta bari na bincika da kaina."

"Yaushe ka ga kekunan ƙarshe?"

"Asabar da yamma."

"Ma'aikata fa?"

"Na ba su hutu."

"Ranar Litinin? Ana jibi dubawa?"

"Sun gaji ne, Yallaɓai."

A bakin ƙofa akwai silifas ƙafa goma sha biyu, irin da kowa ke sawa in ya cire takalminsa. Sufeto ya juya su ɗaya bayan ɗaya. Ƙasansu fari fat kamar yau aka fito da su daga leda. Ya daɗe yana kallonsu, kansa ya ƙara ɗaurewa.

A layin maɗinka babu wanda ya san cikin shago kamar mai kai abincin rana. Sufeto ya same ta tana jera kwanukan kimchi, wato kabeji mai yaji, a faranti.

"Shagon Iya Mal-sun? Kwano ɗaya nake kai musu."

"Ɗaya? Mutum goma sha biyu?"

"To ko iska suke ci, ni ina na sani? Ɗaya dai, na Tae-sik. Sai ranar ɗaya ga wata, ko ranar da masu jaket da takardu za su zo, ya ce in kawo sha uku."

"Su wa ke ci?"

"Matan shagon Bang mana. Ranar nan shi Bang kwano ɗaya yake karɓa. Kai, Yallaɓai, miyata za ta huce."

Sufeto ya fito yana ƙirga da yatsu, lissafin ya ƙi fita. Ruwa dai ba ya tsami banza, amma shi ya rasa ma wane ruwan zai ɗanɗana.

Shagon Bang Yeong-dal na bayan layi. Tun daga nesa ake jin ƙarar aiki. Kekuna goma sha biyu, mata goma sha biyu, kuma a jikin kowane keke an manna takarda mai sunan shagon Iya Mal-sun.

Sufeto ya ji sanyi a ransa. Ga ɓarawo ga kaya. Ya sa aka kira tsohuwar da ɗanta.

"Sata? Ni?" Bang ya dafe ƙirji. "Kekunana ne! Takardar ce na manta ban ɓare ba."

"Me ya kai sunan wani jikin kekenka?"

"Ado ne... wato, zumunci ne." Ya juya. "Tae-sik, yi magana mana, ɗan'uwa!"

Tae-sik ya kalli ƙasa. "Namu ne, Yallaɓai. Na gane su."

"Kai! Ni za ka yi wa haka? Ni da nake ɗaura su a mota da bayana?"

Nan kan Sufeto ya sake kullewa. Wanda ake zargi ya amsa yana ɗaukar kekuna, amma yana faɗa kamar mai neman a gode masa.

"Iya," ya ce, "ke ce mai ƙara. In kin ce naki ne, yau za a mayar miki, jibi masu dubawa su same su, Bang kuma ya bi ni. Naki ne?"

Tae-sik ya matso. "Umma, ki ce e kawai. Shagon Baba ne."

Tsohuwar ta roƙi wata mai ɗinki ta ɗaga mata. Ta zauna da ƙyar, ta sa ƙyalle, ta taka. Ta rufe ido tana saurare. Ta koma na biyu, ta koma na uku. Sauran matan duk suka tsayar da ɗinkinsu.

"Shekara biyu ina zuwa ina kallonsu daga bakin ƙofa," ta ce a hankali. "Ban taɓa zama ba sai yau. Na mijina ba haka suke kuka ba. Tae-sik, ina kekunan ubanka?"

Tae-sik ya durƙusa. Magana ta yi ta zuba. Ya sayar da su tun bara waccan, ya sallami ma'aikata. Shi yake cin kwangila da sunan ƙaramin shago, ya miƙa ta ɗungurungum ga wani babban kamfani da doka ta hana shiga. Su ɗinka, su kawo a kwali, shi ya buga hatimin mahaifiyarsa. Ranar dubawa da ranar zuwanta, sai ya ari kekuna da mata daga wurin Bang.

"Kowa haka yake yi, Umma. Ba za mu iya gasa da su ba."

"Ka sa na gaishe da matan mutane, ina ce musu sannu da aikinmu."

Sufeto ya ji tausayinta. Ya gaya wa Bang ya biyo su ofis ya ba da bayani, sannan ya kama hannun Tae-sik.

A bakin mota tsohuwar ta riƙe rigar Sufeto.

"Yallaɓai, in na janye ƙarar fa?"

"Babu sata, Iya, balle a janye. Wannan kuma zambar kwangila ce, ba ƙararki ba ce yanzu."

Ta saki rigar. Ta gyara wa ɗanta wuyan jaket, ta ɓalle masa maɓallin sama.

"Jibi ni zan buɗe musu ƙofa," ta ce. "Su ga ɗakin yadda yake."