Buhun da Mai-Hanci Ta Ƙi

Mai-Hanci ta cusa dogon bakinta cikin buhun wake, ta shaƙa sau uku, fitilarta ta yi ja. Ƙofar kasuwar hatsi ta Tudun Rana ta ƙi buɗuwa, aka juya da buhun.

Hukumomi uku ne suka haɗu suka ƙera na'urar a shekarar 2091, bayan sun gaji da yi wa juna kallon hadarin kaji. Hukumar Gona ta koya mata warin kowane maganin ƙwari, Hukumar Lafiya ta yanka mata iyakar abin da cikin mutum zai ɗauka, Hukumar Kasuwa ta damƙa mata mabuɗin ƙofa. Tun daga nan ko ƙwaya ɗaya mai guba ba ta shiga kasuwa ba. Har lambobin yabo aka raba.

Injiniya Tasalla, mai kula da na'urar, ba ta yabo take yi ba. 'Yarta Ummita kwana huɗu ke nan a asibiti, ga amai ga makyarkyata, ita da yara goma na unguwarsu. Likita ya ce maganin ƙwari ne, amma ba zai ba da makari ba sai ya san wane iri. Tsoro ya hana Tasalla sukuni. Ta kwance Mai-Hanci ta mayar, ba ta ga aibunta ba.

Ran nan tana tsaye aka ɗora buhun da aka ƙi a wata mota mai tuƙa kanta. Ta tare mai shi, Alhaji Ɗanjuma.

"Alhaji, ina za a kai shi?"

"Gida mana, 'yata."

"A ƙona?"

Ya dube ta kamar ta zage shi. "Abinci? Subhanallahi. Doka ta ce kar a sayar, ban kuwa sayar ba. Duk Juma'a nake rabar da irinsa sadaka. Ko babarki sai da na aika wa kwano biyu, don darajarki."

Tasalla ta tuna a gidan babarta Ummita take cin abinci. Ta buɗe kundin dokar a wayarta, shafi ɗari huɗu, da sa hannun hukumomi uku. Babu layi ɗaya da ya faɗi inda irin wannan buhu zai je. Kowace hukuma ta ɗauka aikin 'yar'uwarta ne.

Ta kira likita ta karanta masa sunan maganin daga allon na'urar, sannan ta juyo.

"Alhaji, gida nawa ka ba?"

"Haba 'yata," ya ce, "wa ke ƙirga sadaka?"