Fitilar da Ke Shanye Kananzir

A wani gari inda ake yawan ɗauke wuta, an yi wata tsohuwa mai fitilar ƙwai. Kullum ta zuba kananzir saboda ranar duhu, kullum ta tarar babu ko ɗigo.

Ta ce, "Jikata ce ke ɗiba." Ta daina raba ɗumame da yarinyar.

Rannan da hantsi ta cika fitilar, ta ɗora kan faranti, ta laɓe tana jiran ɓarauniya. Babu wanda ya zo. Sai ta ji ɗis, ɗis, ɗis. Ashe gindin fitilar ne ya huje.

Jikar ta leƙo. "Kaka, kin kama ta?"

Tsohuwa ta sunkuyar da kai. "Na kama ta. Zo mu ci ɗumame."