Ba a Gode wa Mai Karatu

Torunn na zaune a kicin ta tasa shayi a gaba har ya huce, idanunta sun yi jawur. Cikinta ya tsufa, ga barci ya ƙaurace mata. Lokacin da rana ba ta faɗuwa ne a ƙauyenmu na arewacin Norway. Mijinta Eilif ya toshe tagogi da baƙin labule, ungozoma ta duba ta ce lafiya ƙalau, amma duk a banza.

Surukarta Gudrun, wadda ke zaune a ƙasan benen, ba ta san ƙwanƙwasa ƙofa ba. Ta faɗo ta kalle ta sama da ƙasa, ta yanke hukunci: za su je wurin Marja mai karatu. Masu karatu a wajenmu tsofaffi ne da ke ɗora wa mara lafiya hannu su karanta kalmar Allah ƙasa-ƙasa. Torunn 'yar birnin Stavanger ce, ba ta taɓa ganin irin wannan ba, amma gajiya ta hana ta musu.

Da suka je, Marja ta dafa kan Torunn, ta yi karatunta. Torunn ta ji sanyi a ranta, ta kama hannun tsohuwar ta ce, "Na gode, na gode ƙwarai."

Suna shiga mota Gudrun ta rufe ta da faɗa.

"Kin zubar da shi! Ba a gode wa mai karatu, Torunn. Aikin na Allah ne, kin ɗauka kin ba mutum."

"To wa ya gaya mini?"

"Abin da ko ɗan yaye ya sani?"

Daga ranar Gudrun ta samu abin yi. Kullum da safe sai ta hauro ta tambaya ko an yi barci, tana jin a'a sai ta girgiza kai ta ce ai dama. Har matan coci sai da suka ji labarin godiyar. Shi kuwa Eilif, mutumin kirki ne, amma ya gwammace ya wuni yana ciyar da kifi a gonar kifin da yake aiki da ya shiga tsakanin mata biyu. Maganarsa ɗaya ce: Mama ba da mugun nufi take yi ba.

Ran da ya sake faɗin haka, Torunn ta fashe da kuka.

"Ita ba mugun nufi, kai ba baki, ni ba barci. Na sayi tikiti, Eilif. Gidanmu zan haihu, dawowa kuma ban sani ba."

Ya yi lallashi har ya gaji. Washegari da rana ya sa jakarta a mota zai kai ta bakin jirgin ruwa. A hanya ta ce ya tsaya gidan Marja, ba za ta bar garin da laifin tsohuwa a wuyanta ba. Ya zauna a mota, ita ta shiga.

Marja ta saurari ban haƙurin, ta yi dariya har da tari.

"Ke yarinya, kalmarki guda ce za ta fi ƙarfin Ubangiji? Zauna. Rannan surukarki ta cika ɗakin da magana ban tambaye ki ba. In kin kwanta, me kike yi?"

Ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. Kowa magani yake kawowa. Torunn ta ce, "Gadi nake yi." Cikinta na fari, bara, tana barci ya lalace, ta kwanta da shi, ta farka babu. Tun da wannan ya fara motsi take kwana da hannu a kai, gani take in ta rufe ido zai daina.

Marja ta ce lallai ta gaya wa ungozoma wannan. Sannan ta leƙa taga ta yafito Eilif, ta sa Torunn ta maimaita a gabansa. Kunya ta rufe shi, don shi ma rashin ya ci shi, ya ɗauka yin shiru ne tausayi. Ya durƙusa gaban kujerar, ya ɗora tafinsa a kan cikinta.

"Ba ni gadin. In ya motsa zan ji, in bai motsa ba zan tashe ki. Maganar Mama kuma yau zan kashe ta, wannan alkawari ne."

Torunn ta ce ba za ta iya barci ba. Tana cikin faɗin haka kanta ya langaɓe a kafaɗarsa, barci ya ɗauke ta. Jirgin ruwa ya yi ƙugi ya tashi, hannun Eilif ya yi tsami, bai janye shi ba.

Da yamma ya gaya wa uwarsa gaskiya cikin ladabi. Gudrun ta yi fushin kwana biyu, sannan ta hauro da miyar kifi ba tare da tambayar kowa komai ba. Da duhun kaka ya dawo, Torunn ta haifi 'yarta lafiya, a hannun mijinta.

Ku da kuke son juna, kada ku rufe mai fama da shawara, kada kuma ku bar shi da shirunku. Ku zauna ku tambaye shi me yake tsoro, in ya faɗa ku karɓi rabin kayan.