Muƙamuƙin Ummusalama

Ƙas!

Ummusalama ta ji ƙarar a gindin kunnenta daidai lokacin da ta buɗe baki za ta gai da Hajiya Zuwaira, mahaifiyar Maliki, wadda ta zo ganin yarinyar da ɗanta ya nace wa. Muƙamuƙin ya ƙage. Zafi ya soke ta har tsakar ka.

"Yarinya, ba a gaisuwa a gidanku?"

Sai hawaye a idon Ummusalama...

Lami, 'yar ƙanwar Hajiya, wadda ta daɗe tana son Maliki, ta taɓe baki. "Ai na gaya miki, Inna. Duk garin Gadarif an san shafar aljanu gare ta!"

Hajiya ta miƙe, ko gahawar da aka kawo mata ba ta kurɓa ba.

Kwana uku Ummusalama ba ta tauna loma ba, kunu take zuƙa ta gefen baki. Rana ta huɗu Maliki ya dawo daga Doka, inda ya je lodin dawa, ya zarce gidansu.

"Ka rabu da ni, Maliki..." ta faɗa ta tsakanin haƙora. "Ko sunanka ba na iya kira."

"Habibti, masoyiyata, wallahi ba inda za ni! Ɗauko mayafinki, da Ummanki za mu je asibiti."

Likita ya danna gefen kunnenta, ta zabura.

"Mahaɗar muƙamuƙi ce ta kumbura. Kina cije haƙora in hankalinki ya tashi?"

Ta gyaɗa kai. Tun da aka fara maganar auren take yi.

Ya rubuta magani, ya ce gashi da tsumma mai ɗumi safe da yamma, abinci mai laushi, ban da cingam.

Da ya koma gida, Maliki ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya zayyana mata komai. "Hajiya, ki taimake ni... ita kaɗai nake so."



Washegari sai ga Hajiya ita kaɗai a gidan su yarinyar, ta tarar da Ummusalama riƙe da tsumma a kumatu. Ta zauna kusa da ita, ta buɗe baki a hankali. Nata muƙamuƙin ya yi ƙara.

"Shekara ashirin nake ɓoye wannan, 'yata. Tsoro nake kada a ce aljanu ne." Ta share ido. "Bayan salla za a ɗaura auren. Amma gobe ke za ki raka ni wurin likitan nan."