Kifin Dokta Swabra

Sufeto Mwambire yana tsakiyar shan shayi Dokta Swabra ta shigo caji ofis ɗin Ras Mkoko da ƙafarta. Ita kaɗai ce likitar haƙori a garin, kuma babu ɗan sandan da bai taɓa wangale mata baki ba, shi ya sa kowa ya miƙe tsaye.

"An sace mini kifi, Afande," ta ce wa Sufeton, yadda ake kiran ɗan sanda a nan.

Kofur Wanjala ya soma dariya, ya dubi fuskarta, ya mayar da dariyar tari.

A ɗakin jira na asibitinta akwai wani babban akwatin gilashi cike da ruwan teku, da duwatsun murjani, da kifaye masu launi. Ranar Asabar ta saka wani sabo da ta sayo daga Mombasa, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, kansa fari, wutsiyarsa ja kamar garwashi. Yau Litinin an neme shi an rasa.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni, da maigidana, da Kadzo mai shara. Kuma yayan Kadzo, Katana, sana'arsa ke nan, nutso yake yi yana kamo wa dillalai irin waɗannan kifaye. Sai ka haɗa da kanka."

Ya kuwa haɗa da kansa. Ya je asibitin, ya leƙa akwatin kamar mai leƙa tukunyar da ba tasa ba. Ya ji wata 'yar ƙara, ƙas, ya ɗauka agogon bango ne. Ya tambayi Kadzo ko ta taɓa buɗe murfin, ta ce a'a, alhali ga sawun tsumman gogewarta a jikinsa. Shi ke nan binciken ya ƙare, shayinsa ma bai gama hucewa ba. Ya sa ta a mota aka kai ta bayan kanta.

Washegari da safe ya tarar da wata tsohuwa zaune a kan tabarma ƙarƙashin darbejiyar bakin ofis, da jariri a cinyarta. Yaron ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Surukar Kadzo ce. Ba ta roƙe shi ba, ba ta zage shi ba, da ma zagin ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Ɗana," ta ce, "idan lokacin nono ya yi, wa zan tambaya?"

Kunya ta rufe shi. Ko kaɗan bai tambaya ba jiya ko matar tana da goyo. Ya shiga ciki, shugaban ofis ya tare shi da cewa gobe da safe a kai yarinyar kotu, Dokta ta bugo waya har sau biyu. Mwambire ya ce to. Ya san garin nan. Wadda aka taɓa karanta wa tuhumar sata a kotu, ko an sallame ta, babu gidan da zai sake ba ta tsintsiya.

Ya sa aka fito da Kadzo, aka ba ta yaron. Ya jira har ya kama nono ya yi shiru.

"Me ya sa kika yi mini ƙarya a kan murfin?"

"Tsoro, Afande. Na zo da safe ban ga kifin ba, na buɗe ina dubawa. Na san ni za a ce."

"Me kika gani?"

"Ɓawon katantanwa. A farfashe, a gindin sabon dutsen."

"Akwai sabon dutse?"

"Ranar Juma'a ya zo. Ni na goge yashi da ruwan gishiri tun daga ƙofar baya har wurin akwatin."

"Wa ya kawo shi?"

Ta gyara wa yaron kwanciya, ta ƙura wa siminti ido.

"Ban gani ba."

"Kadzo, gobe kotu za a kai ki."

"Ban gani ba, Afande."

Ƙarya ce, ya sani. Amma ba irin ƙaryar ɓarawo ba ce, don ɓarawo kansa yake karewa, ita kuwa wannan wani take rufa wa asiri.

Ya koma asibitin shi da Kofur Wanjala. Wannan karon ya durƙusa a gaban gilashin kamar yadda ya kamata ya yi tun jiya. Ga ɓawon katantanwar nan a kan farin yashi, kowanne da huji a gefe kamar an buga masa ƙusa. Dutsen da ke samansu ya fita daban da sauran. Jikinsa ja-ja ne, da koren tsiro ɗanye shar, da ƙananan ramuka.

"Dokta, wannan dutsen daga ina?"

"Mzee, maigidana, shi ya sayo mini a kanti a Mombasa, don sabon kifin ya sami wurin ɓuya. Irinsa yana son rami." Ta harɗe hannu. "Kifi na ce ka nemo mini, Afande, ba dutse ba."

"Masu kanti haka suke sayar da shi da ɗanyen tsiro?"

"Yawanci sukan tsare shi makonni a wani ruwa, su tabbatar babu abin da ya biyo shi. Wataƙila wannan sun yi sauri."

Tana rufe baki aka ɗauke wuta. Injin da ke juya ruwan ya tsaya, fanka ta tsaya, ɗakin ya yi tsit. Sai ga ƙarar nan, ƙas. Jim kaɗan kuma, ƙas.

Mwambire ya ɗaga kai ya dubi bango. Babu agogo a ɗakin, bai taɓa kasancewa ba.

Shi ɗan masunci ne. Yana yaro ya taɓa cusa hannu a ramin dutse lokacin da ruwa ya janye, wata irin jatan-lande mai hannu kamar guduma ta tsaga masa yatsa, tabon yana nan har yau. Ya san wannan ƙara sarai. Jiya ma ya ji ta, amma da yake hankalinsa yana kan faranta wa Dokta rai, sai ya ba kansa agogo.

"Oga, lafiya?" in ji Wanjala. "Ko haƙorin ne ya motsa? Ga mu a inda ya dace."

"Tashi mu je bakin ruwa."

Mzee Athman Lali, mijin Dokta, tsohon shugaban makaranta ne, kuma shi ne shugaban kwamitin tengefu, wato yankin murjanin da masuntan garin suka haramta wa kansu taɓawa don kifi ya sake yaɗuwa. Shi ya sha wahalar shawo kansu. Ko bara shi ya kawo Katana ofis da hannunsa don ya kama shi da koma a cikin yankin, ya tsaya kai da fata sai da aka ƙwace komar. A duk gaɓar nan, tengefu ne kawai wurin da ya rage da dutse mai rai irin wanda ke cikin akwatin.

Suka same shi a rumfar kwamiti yana kallon teku. Babban yatsansa na dama naɗe da filasta.

"Mzee, barka da hutawa."

"Afande, sannu da zuwa. Yaya yarinyar nan? An sake ta?"

"Gobe kotu."

"Kotu kuma? A kan ɗan kifi?"

"Haka Dokta ta nema. Me ya sami yatsan?"

"Wuƙa. Kwakwa nake fasawa."

"Allah ya sawwaƙe. Wane kanti ka sayi dutsen nan a Mombasa?"

"Wani ne can wajen kasuwa. Sunan ya kwanta mini."

"Ba komai. Taimako muke nema. Muna so a fitar da dutsen mu duba ƙarƙashinsa, kuma Dokta ba za ta yarda hannun ɗan sanda ya shiga ruwanta ba. Kai da ka saka shi, kai za ka fi sanin yadda za a ɗaga."

Suka shiga mota. Ta madubi Mwambire ya ga dattijon yana ta murza filastar da ɗaya hannun.

Wuta ba ta dawo ba. Dokta ta buɗe murfin, Wanjala ya ajiye bokiti a gefe. Mzee ya naɗe hannun riga, ya miƙa hannun hagu, yatsunsa suka taɓa ruwa. Daga cikin dutsen aka ji ƙas. Ya fizge hannun da sauri har gwiwar hannunsa ta bugi gilashin.

"Athman, mene ne?" in ji matarsa. "Dutse ne fa."

Ya ja da baya daga akwatin.

"Me kake tsoro a ciki, Mzee?" Mwambire ya tambaya a hankali. "Mu dai ba mu ce akwai wani abu ba."

Dattijon ya nemi kujerar marasa lafiya ya zauna. Wanjala ya samo babban cokalin murhu daga mai shayin maƙwabta, ya ɗago dutsen ya saka a bokiti, suka kwara masa ruwan famfo. Ba a jima ba wata halitta koriya mai tsawon yatsa ta fito a guje daga rami tana dukan bokitin. Bayanta wani ɗan abu ya taso saman ruwa. Guntun wutsiya ne, ja.

Dokta Swabra ta dafe bakinta.

"Ba a kanti na saya ba," Mzee ya ce, kansa a ƙasa. "Ranar Juma'a ina zagayen tengefu ni kaɗai, ruwa ya janye, na gan shi. Kin yi ta maganar kifin da za ki kawo ba shi da gida. Na ce dutse ɗaya ne, wa zai sani? Na sa shi a bokiti na rufe da buhu."

"Yatsan fa?" in ji Mwambire.

"Lahadi na zo ba su abinci. A kan idona ta fito ta doki kifin ta ja shi rami. Na sa hannu in ƙwato shi, ta tsaga ni."

Dokta ta matso. "Kana zaune ina ɗaura gyale zan tafi wurin 'yan sanda. Na ce maka Kadzo ce. Ka ce mini Allah ya kiyaye hanya."

"Idan na faɗa, tengefu ya mutu, Swabra. Wane masunci zai sake jin maganata? Ni da na sa aka ƙwace komar yayanta." Ya share fuska da hularsa. "Na ce a raina za su ɗan tsare ta su sake ta. Tun jiya ban iya cin abinci ba."

"Ita kuwa ta shayar da ɗanta a bayan kanta," in ji Mwambire. Ya faɗa da zafi, amma ya san rabin zafin nasa ne. Ba Mzee ne ya tura ta cikin mota ba.

Wanjala ya ciro ankwa. Mwambire ya girgiza kai, ya ce dattijo ne, ba inda zai gudu. Ya gaya masa laifinsa: ɗaukar murjani daga wurin da aka haramta, da ɓoye gaskiya har aka tsare wadda ba ta ji ba ta gani ba. Mzee ya ce ya ji, ya mayar da hularsa, ya bi su. Dokta ta tsaya a bakin ƙofa, ta rasa wanda za ta kalla.

Suna shiga ofis aka fito da Kadzo, da yaron a bayanta. Suka yi kiciɓis a gaban kanta. Mzee ya tsaya.

"'Yata, ki yafe mini."

Ta dube shi, babu fushi a fuskarta, sai gajiya.

"Na gan ka da bokitin, Mzee. Kai ka samo mini aikin nan, shi ya sa na yi shiru. Na ɗauka kafin rana ta faɗi za ka zo."

Wanjala ya kama hannun Mzee, mai lafiyar, ya wuce da shi ciki.

Mwambire ya raka ta har gindin darbejiya. Tun a mota yake shirya abin da zai ce mata, da suka isa sai duk ya watse, ya rage masa kalma biyu.

"Yi haƙuri."

"Ba komai, Afande," ta ce, irin yadda ake faɗa wa mai kaki.

Tsohuwar ta naɗe tabarmarta ta ɗora a ka. Ba ta ko kalle shi ba. Ya tsaya yana kallonsu har suka sha kwanar kasuwar kifi, sannan ya koma ciki. A kan bencin da Kadzo ta zauna da safe ya ga ɗan zanen goge bakin yaron, sun manta shi. Ya ɗauka ya ninke ya sa a aljihu. Gobe zai kai mata da ƙafarsa, kuma ya san sai ya bi ta gaban duk maƙwabtan da suka san shi ya sa aka tafi da ita.